Kwamin Baba: yadda muka yi ta fama da ɗumama ruwa da zafin rana a Jos

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Likitar gashin ƙashi ta ce abin da zai fi yi wa gwiwoyin Baba amfani shi ne tafiya a cikin ruwa, minti ashirin zuwa talatin, sau uku a mako. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, gaɓoɓi su motsa ba tare da an danne su ba. Amma ta kafa sharaɗi: kada ruwan ya gaza digiri 28, don ruwan sanyi ƙara sandarar da gaɓar tsoho yake yi.

Kwamin wanka dai muna da shi. A gidan muka tarar da shi, can ƙuryar fili kusa da bishiyar mangwaro, ya shekara da shekaru ana jibga masa tsofaffin tayoyi, sai bara muka gyara shi saboda yara. Tsawonsa mita 6, faɗi mita 3, zurfi mita ɗaya a wannan gefe, mita 1.4 a wancan. Ruwan cikinsa lita 21,600 ke nan a lissafi. Yau na tsoma ma'aunin zafi da ƙarfe bakwai na safe ya nuna 19, da la'asar ya nuna 21. Baba ya sa yatsun ƙafa ya janye, ya ce, "Wannan ai sai kwaɗi."

Wanda bai zauna Jos ba ba zai gane ba. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma daga yanzu har Fabrairu dare na ɗari ne. Rana tana da ƙarfi da tsaka, amma da ta faɗi shi ke nan.

Na zauna na yi lissafi kafin in kashe ko kwabo. Kafin lita dubu ta ƙara digiri ɗaya, tana cin zafin da ya kai yunit 1.16 irin na mitar lantarki. Kwaminmu ke nan yunit 25 a kowane digiri. Daga 20 zuwa 28, yunit 200. Mu da ke rukunin A na kamfanin wuta muna biyan sama da naira 200 a yunit, wato fiye da naira dubu arba'in don a ɗaga ruwan sau ɗaya kawai, ban da abin da dare zai riƙa kwashewa. Kuma bayan duhun watan jiya, da yawancin Arewa ta yi sama da mako babu wuta, maganar hita ma ba ta taso ba. Janareta kuwa, fetur ya haura naira dubu. Saura rana.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na sayo baƙin tiyo mai kaurin milimita 25, nadi ɗaya na mita 100, a wajen masu sayar wa manoman rani kaya, waɗanda ke jan ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Mai gyaran famfo ya so mu yi da bututun jan ƙarfe, wai ya fi ɗaukar zafi. Gaskiyarsa, amma ruwan kwami da kulorin yake, kulorin kuwa cin jan ƙarfe yake yi, ya bar kore-kore a jikin tayil. Ga tsada. Muka tsaya a roba.

Kafinta ya haɗa katako gicciye, muka naɗe tiyon a kai zagaye-zagaye kamar ana saƙa faifai, muna ɗaure shi da waya. Faɗinsa ya kusa mita biyu. Da safe muka fara, tiyon ya sandare don sanyi, ya lanƙwashe wuri biyu har ya yi gwiwa. Sai muka warware shi muka shanya a rana awa guda, ya yi laushi, ya riƙa bin hannu. Yara sun riga sun raɗa masa suna faifai, ni ma da shi zan riƙa kiransa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mun jona faifan da wani tsohon ƙaramin injin ruwa, muka rage bawul har ruwa na fita siriri. Da azahar na tara hannu, ɗumi sosai, digiri 30. Na kira kowa ya zo ya taɓa. Mai famfo ya ce, "Oga, an gama. Nan da Juma'a Baba zai shiga."

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Juma'a ta zo ta wuce. Kwami yana nan a 19 da safe, 21 da yamma, ko gezau.

Ɗumin da na ji a tafin hannu ne ya ruɗe ni. Yau na ɗauko jarka mai lita 20 da agogon waya, na auna abin da ke fita a zahiri. Lissafin ba wuya: yawan lita a minti ɗaya, sau bambancin zafi tsakanin ruwan shiga da na fita, sau 70, shi zai ba ka wat. Da bawul a matse, lita biyu ce ke fita a minti, da ƙarin digiri 9. Wat 1,260 ke nan. Na buɗe bawul gaba ɗaya: lita goma a minti, ƙarin digiri 2.2 kacal, hannu ma ba ya jin bambanci. Amma lissafi ya ba da wat 1,540.

Na maimaita sau uku don ban yarda ba. Haka ne. Idan ruwa ya daɗe a tiyo ya yi zafi, tiyon da kansa yake zafi, iska kuma ta riƙa kwashe zafin kafin ya iso kwami. Idan ruwa na gudu, tiyon yana nan da sanyinsa, abin da rana ta zuba kusan duka cikin ruwa yake tafiya. Mai famfo bai gamsu ba. Ya ce shi a saninsa ruwan zafi shi ne ruwan zafi. Na bar shi.

Babbar matsalar dai ƙanƙanta ce. Mita 100 na tiyo mai milimita 25, in aka shimfiɗa, murabba'in mita biyu da rabi kawai yake tarewa na rana. Ko ya wuni yana aiki bai wuce yunit bakwai zuwa takwas ba, kusan sulusin digiri. Masu wannan sana'a a ƙasashen da ta kafu sun saba cewa faɗin matarar rana ya kai daga rabi zuwa daidai da faɗin saman ruwan. Saman kwaminmu murabba'in mita 18 ne. Ashe faifai huɗu ne mafi ƙarancin abin da zan yi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Fayafayai huɗu sun hau rufin sito. Mako biyu abin ya ci, rabi jiran kuɗi, rabi jiran kafinta.

Gardamar da muka fi daɗewa a kanta ita ce yadda za a jona su. Mai famfo yana so ruwa ya fita daga na farko ya shiga na biyu, haka har na huɗu, mita 400 a jere. Na ƙi. Tun da jarka ta koya mini darasi, na san abin da zai faru: ruwa zai sha wuya a dogon siririn bututu ya fito kaɗan-kaɗan, faifai na uku da na huɗu su zama 'yan rakiya. Muka ja babban bututu mai milimita 50 a ƙasa yana raba wa kowanne nasa, wani a sama yana tattarawa ya mayar kwami. Kowane faifai da bawul ɗinsa, don in wani ya yi yoyo a rufe shi shi kaɗai.

Nauyi ma abin dubawa ne. Kowane faifai yana riƙe wajen lita 35, ga tiyo, ga katako. Kafinta ya ƙara azara biyu a ƙarƙashin kwanon.

Sa'ar da muka yi, rufin kudu yake kallo. Jos tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka a watan Disamba rana ba ta zuwa tsakar ka. Ko da azahar ta karkata kudu, tsayinta bai wuce digiri 57 daga ƙasa ba. Shi ya sa ma katangar kudu ke jefa inuwa a kan sulusin kwamin yanzu, abin da ba ta yi da damina. Gangaren rufin bai kai yadda na so ba, amma ba zan kwance sito saboda wannan ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na sayi ƙaramin injin ruwa mai aiki kai tsaye da farantin sola guda ɗaya, ba batir. Rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya tsaya. Lita 40 a minti da azahar, ƙarin digiri biyu, wat 5,600. Injin tace ruwa yana nan a kan layinsa daban, ban taɓa shi ba. Na sa raga a bakin tiyon zuƙa saboda ganyen mangwaro.

Lahadi, 8 ga Disamba

Abu biyu sun ɓaci.

Farantin sola haske yake so, ba ruwansa da zafi. Tun kafin ƙarfe takwas injin ke tashi, alhali fayafayan sun kwana a sararin sama sun yi sanyi ƙarara. Na auna ruwan da ke dawowa da sassafe, ya fi na kwamin sanyi. Wato awa biyu na farko injin sanyaya mini ruwa yake yi, haka ma gab da magariba. Na sa makunni, na ɗora wa ƙanena: ya kunna ƙarfe goma, ya kashe ƙarfe huɗu.

Na biyu, da na hau rufi jiya na ga bakin faifai na sama ya motse kamar an taka shi. Idan injin ya tsaya, ruwan da ke sama yana gangarowa kwami, ya bar bututu babu ruwa babu iska, tiyon da rana ta tausasa sai ya shige ciki. Mai famfo ya gane wannan tun kafin in gama bayani, a nan kam ya fi ni. Ya sa ɗan bawul mai shigar da iska a can ƙololuwa, ya sa wani mai hana ruwa komawa baya a bakin injin. Ya ce ba don shi ba ma, da dare ruwan ɗumi zai iya riƙa zagayawa da kansa ta fayafayan ya dawo da sanyi.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwana shida komai na aiki daidai. Jiya da la'asar 23.1. Yau da safe 20.4. Haka kullum: rana ta ɗaga, dare ya sauke. Tiyo mita 400, injin, faranti, kafinta, duk abin da suka ƙara mini wajen digiri biyu ne kawai.

Ina tsugune bakin kwami da biro da takarda, ina lissafin kuɗin ƙarin fayafayai huɗu da inda zan sa su, Baba yana zaune a kujerarsa cikin rana da bargo a gwiwa. Ya ce, "Wai ni kam, kullum na ga kana ƙara wa kwamin nan ruwa. Yoyo yake yi?"

Na ce, "A'a Baba, iskar hunturu ce ke sha."

Ya yi shiru, can ya ce, "To ai randa ka gina."

Ban amsa ba, don na ji inda maganar ta dosa. Duk ɗan da ya tashi gidan da ake ajiye randa a ƙarƙashin inuwa ya san ruwanta ya fi sanyi lokacin da iska ta bushe. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta ɗauke shi, ya tafi da zafin. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ni kuwa na shimfiɗa ruwa murabba'in mita 18 a fili, a tsakiyar hunturu, a kan tsauni, ina mamakin me ya sa ba ya ɗumi.

Abin da ya fi ba ni haushi, na san wannan a karatu. Kowace lita ɗaya da ta tashi ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai yunit 0.68. Wata ɗaya da rabi ina lissafin abin da ke shiga, ban taɓa zama na lissafa abin da ke fita ba, saboda tiyo da injin su ne abin nuna wa baƙi. Kuma duk yadda na ƙara ɗumama ruwan, haka iska za ta ƙara saurin shan sa. Ƙarin fayafayai huɗu da sun zama ɗiban ruwa da kwando.

Na yi alama da fenti a jikin tayil. Na kuma cika bokiti na ajiye a kan matakala cikin kwamin, ruwansa daidai da na waje. In duka biyun suka ragu daidai, iska ce. In kwamin ya fi raguwa, Baba ya yi gaskiya tun farko, akwai yoyo.

Talata, 17 ga Disamba

Babu yoyo. Kwana uku, milimita 18, bokiti da kwami kusan kai ɗaya. Milimita shida a rana, sau murabba'in mita 18, lita 108. Sau 0.68, yunit 73. Kusan digiri uku ke nan iska ke ɗauka kowace rana, fayafayai huɗu kuwa abin da suke kawowa a wuni mai kyau bai wuce yunit 27 zuwa 30 ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Na yi odar murfin kwami na ainihi daga Legas, ledar nan mai kauri mai ƙurajen iska. An ce sai bayan hutun ƙarshen shekara. Kafin nan wani abokina mai noman tattasai a rumfar leda ta wajen Vom ya ba ni ragowar farar ledarsa, irin wadda rana ba ta saurin cinyewa. Muka yanka ta daidai kwamin, muka shimfiɗa a kan ruwan kai tsaye. Dole ta kwanta a kan ruwa. In aka ɗaga ta kamar rumfa, iska na ratsawa ta ƙasa, an gudu ba a tsira ba. Gefe-gefe muka naɗe a jikin bututun roba marar komai a ciki don ta yi iyo kada ta nutse.

Fara na zaɓa da gangan, ba baƙa ba. Rana na ratsa fara ta shiga har ƙasan kwami. Baƙa samanta kawai ke zafi. Tunda ba mai shiga ruwan yanzu, dare da rana za ta zauna.

Asabar, 28 ga Disamba

Daren farko ruwan ya sauka daga 23 zuwa 22. Digiri ɗaya maimakon kusan uku. Ranar Talata da safe 23.6. Yau da safe 25.4, da la'asar 26.9. Ban ƙara ruwa ko bokiti ɗaya ba tun ranar da muka rufe.

Ledar kyauta ta yi cikin mako guda abin da kayan kuɗi suka kasa a wata. Uwargida ta ce da ita na tambaya tun farko, ai ba a barin tuwo a buɗe a ce wuta ce ba ta isa ba. Na ce a yi haƙuri.

Ba wai fayafayan ba su da amfani ba. Yanzu ne ma amfaninsu ya fito, don abin da suka kawo yana kwana.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Yau Allah ya tsare. Autarmu, shekararta uku, ta bi ƙwallo ta ga leda shimfiɗe kamar daɓe, ta ɗaga ƙafa za ta taka. Gwaggonta ce ta fizgo ta daga baya. Har yanzu da nake rubutun nan hannuna bai daina rawa ba.

Da kwamin yake buɗe yaran suna tsoronsa, sun san ruwa ne. Murfi ya ɓoye ruwan. Kuma yaron da ya faɗa kan irin wannan leda naɗe shi take yi, ya shige ƙarƙashi, ba a ganinsa ba a jin motsinsa. Ni da na auna zafi har da ɗigo ban yi wannan tunanin ba.

Na tsayar da komai. Mai walda ya zo da yamma ya auna. Shinge na ƙarfe zagaye da kwamin, tsayi ya wuce mita ɗaya, sanduna a tsaye kuma kusa-kusa yadda yaro ba zai taka ya hau ba ko ya zura kai, ƙofa ɗaya da kwaɗo. Kafin a gama, ƙofar da ke fita filin a kulle take, mabuɗi a aljihuna. Duk wanda zai kwaikwayi aikin nan ya fara da shinge kafin ya sayi tiyo.

Asabar, 11 ga Janairu

Shinge ya tsaya tun Laraba.

Hazo ya sauka kwana biyar ke nan. Rana kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Ruwan ya koma 23.5. Na hau rufi na tarar fayafayan sun zama ruwan ƙasa, na shafa yatsa ya bar layi. Ƙura tana yin ɓarna biyu: wadda ke sama ta tare hasken, wadda ta kwanta a tiyo ta mayar da baƙi fari. Ta sama ba yadda zan yi da ita. Ta tiyo kuwa ƙanena ya ɗauki aikin wankewa duk bayan kwana biyu, da farantin sola da ita kanta ledar.

Tsarin ƙarfe goma zuwa huɗu ma ya daina aiki. A irin wannan rana, ƙarfe sha ɗaya fayafayan ba su kai ɗumin kwamin ba. Na sayi 'yar na'ura mai ma'auni biyu, ɗaya a jikin tiyo a rufi, ɗaya a cikin ruwa. Na saita ta: in rufi ya fi kwami da digiri huɗu ta kunna injin, in bambancin ya sauko ɗaya ta kashe. Shekaranjiya awa biyu da rabi kacal ta bari ya yi aiki, kuma daidai ta yi.

Baba ya tambaya yaushe. Na ce sai hazo ya ɗaga. Ya ce shi da ya jira fansho, wannan ba jira ba ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Murfin Legas ya iso. Ƙurajen ƙasa suke kallo, santsin a sama. Mun fara shimfiɗa shi a juye, sai da na karanta takardar. Ya fi ledar rumfa riƙe zafi da dare saboda iskar da ke cikin ƙurajen, ya kuma fi sauƙin ja. Mai walda ya yi mana abin naɗewa da dogon bututu da mariƙi a gefe. An ce kada a bar shi a naɗe cikin rana ba rufi, zafi na taruwa a ciki ya lalata shi, don haka tsohuwar ledar ta samu sabon aiki, sai dai na lulluɓa mata tsohon zanin gado.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Da la'asar 28.3.

Muka janye murfin gaba ɗaya, ba rabi ba. Na fara shiga, na tsaya a matakala ta uku na miƙa hannu. Baba ya sauko a hankali, ƙafar dama tukuna, ita ce mai dama-dama. Da ruwa ya kai masa ƙirji ya tsaya ya riƙe bakin kwamin, ya ɗaga gwiwar hagu ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya dube ni ya ce, "Kai, ka ga ba ta yi ƙara ba."

Ya yi tafiya daga gefe zuwa gefe sau goma sha biyu, ta wajen da ba zurfi. Minti goma sha biyar na ce ya isa na yau. Fitowa ce wahala: iskar Fabrairu a jiƙaƙƙen jiki, nan take ya hau kakkarwa. Randar dai ce, wannan karon jikinsa ne tukunyar. Gobe zan kafa tabarmar kaba a jikin shingen ta gabas da arewa, inda iskar ke fitowa, a kuma ajiye babban tawul a kan kujera kusa da matakala.

Awa ɗaya da kwamin ya yi a buɗe ya ci kusan rabin digiri.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ruwan ya fara kore a kusurwoyi, tayil yana santsi. Gansakuka. Ruwan ɗumi ya fi saurin cinye kulorin, ni kuwa ina nan ina zuba ma'aunin da na saba tun ruwan yana 20. Na tsoma takardar gwaji, kulorin kusan babu. Ya kamata ya zauna tsakanin 1 da 3, tsamin ruwa kuma tsakanin 7.2 da 7.8.

Na goge bango da burushi, na zuba kulorin mai yawa da daddare, na bar injin tacewa ya kwana yana aiki, murfi a janye, don kulorin mai ƙarfi yana cin ledar. Kwana biyu Baba bai shiga ba, digiri biyu kuma sun tafi. Daga yanzu gwaji duk safiya, tare da ma'aunin zafi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas yau. Baba ya ce ba zai shiga ruwa da rana ba, kada wani abu ya wuce masa maƙogwaro, ko da yake iyakar ruwan ƙirji ne. Ya mayar da abin bayan tarawihi. Na sa ƙwan sola biyu a kan shinge. Ƙarfe tara na dare ruwan yana 29.5, abin da a watan Disamba ko a mafarki. Yanzu yana yin minti ashirin da biyar, kuma ranar Juma'a da ƙafa ya je masallacin unguwa, da sanda amma ba a riƙe shi ba. Likitarsa ta ƙara masa motsi biyu, ɗaga ƙafa gefe da tafiya da baya.

Faifai na uku yana ɗiga a wajen mahaɗa. Na rufe bawul ɗinsa, sai bayan Salla.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yanzu kuma zafi ya yi yawa. Ranar Litinin ruwan ya kai 32, Baba ya ce kamar ya shiga farfesu, kulorin kuma ba ya kwana. A tsakiyar watan nan rana ke bi ta tsakar ka a Jos. Ranar Laraba da azahar na kafa sanda a fili, inuwarta ta kusa ɓacewa. Daga nan har ƙarshen Agusta ta arewa za ta riƙa bi, inuwar katangar kudu ta bar kwamin.

Na kashe injin fayafayai, amma ban bar ruwa a cikinsu ba. Ruwan da ya tsaya a baƙin tiyo cikin wannan rana yana iya ƙona fata, ya kuma sassauta mahaɗai. Muka buɗe ƙasa muka tsiyaye su tas. Murfi yanzu da dare kawai, wani daren ma a buɗe nake bari da gangan, randar ta yi aikinta, ƙofar shinge dai a kulle. Da hakan ruwan ya dawo tsakanin 29 da 30.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, kuma ƙanƙara ba baƙuwa ba ce a Jos a farkon damina. Tiyo zai jure, farantin sola nake ji. Mun sauke shi mun jingine a sito. Fayafayan mun ƙara musu waya a kusurwa huɗu saboda iska, muka lulluɓe da tampol.

Yuli da Agusta su ne abin da zan sa wa ido, lokacin da gari ke wuni a lumshe, ruwan sama mai sanyi na zuba cikin kwamin. Watakila a mayar da farantin a lokacin. Mahaɗar faifai na uku har yau ba a gyara ba, mai famfo ya ce Talata.